Muhawara a zaure: a daina jin mawaƙi saboda siyasarsa?

Ɗan Kwari: Jama'a ni fa na goge waƙoƙin Rarara kaf daga wayata, kuma ina nan a kan bakana, duk mawaƙin da zai fito yana yabon gwamnati lokacin da magidanci ya kasa sayen kwanon masara bai cancanci a saurare shi ba.

Mai Adaidaita: Wlh ina bayanka ɗan uwa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai ban ƙara ganin daidai ba, ka ɗauko fasinja daga Kabuga zuwa Bata kuna rigima kan naira ɗari, rabin cinikin ya tafi gidan mai, sannan a sa min waƙar da ake cewa komai lafiya? A'a.

Ɗan BUK: Ku yi haƙuri amma waƙa sana'a ce fa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo sarakuna da manya suka yi wa waƙa ana ba su doki da riga, har yau muna jinsu ba wanda ya ce sun ci amana.

Hajiyar Fagge: Ɗana ka manta ɗaya ɓangaren. A nan Kano aka kafa NEPU a 1950, su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja ai su ma waƙar siyasa suka yi, amma bayan talaka suka tsaya lokacin da yin hakan kan kai mutum gidan yari. To ka ga mawaƙi yana da zaɓi, in ya zaɓi mai mulki mu ma muna da namu zaɓin.

Ɗan BUK: Na yarda Hajiya, amma daina saurare daban, taruwa a yi ta rifotin shafin mutum daban. A Yulin 2024 haka aka yi har Facebook ya rufe wa Rarara shafi bayan waƙar da ya yi wa Tinubu, shafin da ya tara mabiya masu ɗimbin yawa.

Ɗan Kwari: To su wa suka tara masa mabiyan? Ba mu ba ne? Mu muka bayar mu muka karɓe. Kuma shi da bakinsa ya fito a 2023 ya soki mulkin Buhari bayan shekara takwas yana yabonsa, yaya za a yi in yarda da yabon yau?

Yaya Babba: Ƙannena bari in sa baki. Ka goge waƙa, ka ƙi gayyatarsa biki, haƙƙinka ne ba mai hana ka. Amma abin da aka yi bayan zaɓen gwamna a Maris 2023 da aka kai wa gidansa hari aka sa wuta, wannan ta'asa ce, akwai maƙwabta a unguwar nan da ba ruwansu da jam'iyyar kowa. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu ba yabon ne ke ƙona mana rai ba, wanda aka yaba ne. Mawaƙin da ke waƙar jar hula in ya yi irin wannan zuzutawar ai rawa ake takawa.

Mai Adaidaita: Yaya ni ba ruwana da hula ja ko fara, kuma ban goyi bayan ƙona gidan kowa ba Allah ya kiyaye. Amma a cikin adaidaitata ni ke da sifika.

Hajiyar Fagge: Bikin 'yata na nan tafe bayan Sallah, na riga na gaya wa mai kiɗan, waƙar siyasa ko ta wane ɓangare ce kar ya kuskura ya sa min ita.