Boris da birkin tirelar kwana: abin da aka ce a fada

Jiya a fadarmu ta Birni, ana shan shayi, hira ta koma kan tirelar kwana da ake ja da mota a hanyar Zinder zuwa Tanut da Agadas. Yawancin shawarar kan boris ce, wato ƙarfen da ke cikin cibiyar taya wanda take juyawa a kansa. Wani dattijon makanike ya ce a kwance shi sau ɗaya a shekara, ko bayan kilomita kusan 20,000, a wanke tas, a cusa sabon giris, a canza robar da ke tare shi, domin rairayi in ya shiga sai ya ci ƙarfe. Kada a gauraya giris iri biyu. Notin da ke riƙe boris kuma a ɗaure, sannan a ɗan sassauta. Matsewa da yawa ke ƙona boris.

Wani direba ya ce: "Baba, ni duk inda na tsaya sai na taɓa cibiyar kowace taya. In ɗaya ta fi sauran zafi, akwai magana." Wannan ce ta fi kwanta mini, don ba ta cin ko dala.

Birki bai ja gardama ba: a daidaita shi duk kilomita 5,000, takalmin birki kuwa, wato abin da ke goga ƙarfe ya tsai da taya, in giris ya taɓa shi a jefar da shi.