Wane Suna Za Mu Ba Aikin Babban Banki a Kan Kuɗi?

'Yan'uwa masu fassara da marubuta labaran tattalin arziki, akwai kalmar Turancin nan, “monetary policy”, wadda ta daɗe tana ba mu wahala, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da magana a kanta. Wasu suna cewa “manufar kuɗi”, wasu “tsarin kuɗi”, amma duka biyun sun yi faɗi da yawa, domin haraji da kasafi da bashin da gwamnati ke ci duk za su iya fakewa a ƙarƙashinsu, alhali waɗannan aikin ma'aikatar kuɗi ne. Abin da babban banki ke yi ƙayyadadde ne: yana ɗaga kuɗin ruwa ko ya rage shi, yana kuma sayen takardun bashin gwamnati ko ya sayar, domin kuɗin da ke yawo a hannun jama'a su ƙaru ko su ragu.

Shawarata ita ce mu ce “linzamin kuɗi”. Idan banki ya ɗaga kuɗin ruwa, sai mu ce ya ja linzami, idan kuwa ya rage, ya sassauta shi ke nan.

Ba don daɗin faɗa kawai na zaɓe ta ba. Kalmar ta dace da gaskiyar abin da masana suka daɗe suna jayayya a kai, wato ko babban banki ne ke tayar da farashin ɗanyen mai da alkama da zinariya, har tashin ya bazu ya zama hauhawar farashi. Linzami ba shi ne ƙafafun doki ba, amma mahayin da ya sake shi ba zai ce ba ruwansa da inda dokin ya nufa ba. A 1971 Amurka ta daina canza dala da zinariya a kan dala 35 kowane oza, kuma zuwa Janairun 1980 ozan zinariya ya kai dala 850. A tsakanin nan ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa wasu ƙasashe mai a 1973, farashinsa ya ninka kusan sau huɗu. Masu bin ra'ayin masanin tattalin arzikin nan na Amurka Milton Friedman sun ce man ya tayar da ƙura ne kawai, yawan kuɗi ne ya sa ta ƙi kwanciya. Da Paul Volcker ya karɓi shugabancin babban bankin Amurka a 1979, ya ja linzami har kuɗin ruwa ya kai wajen kashi 20 cikin 100, sai hauhawar farashin da ta haura kashi 14 a 1980 ta sauko ƙasa da kashi 4 a 1983, ko da yake miliyoyin mutane sun rasa aikinsu kafin a kai can.

Hanyar da sakin linzami ke bi ya tayar da farashin kaya, kamar yadda masanin tattalin arziki Jeffrey Frankel ya bayyana, ba ɓoyayya ba ce. Idan kuɗin ruwa ya yi ƙasa, ajiye kaya a rumbu ba ya cin mai shi da yawa, masu rijiyoyin mai ba sa gaggawar haƙowa, masu jari kuma sukan bar takardun bashi su koma sayen haja. Ga shi da dala ake cinikin yawancin waɗannan kayayyaki, saboda haka duk lokacin da ta yi rauni farashinsu yakan ɗaga.

Sai dai sakin linzami ba ya sa gajiyayyen doki sukuwa. Daga ƙarshen 2008 zuwa ƙarshen 2015 kuɗin ruwa a Amurka yana dab da sifiri, duk da haka gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, saboda mai ya yi yawa a kasuwa. Haka kuma ba wani banki ne ya tsare alkamar Yukren a tashoshin ruwa a 2022 ba, yaƙi ne.

Wata malama ta rubuto cewa adon magana bai dace da takardun hukuma ba. Malama, na ji uzurinki, amma ai babu wanda ke neman ruwa a cikin “kuɗin ruwa”, kuma kunne ya saba da ita har ta shiga kowace takardar banki. Inda na yarda kalmar ta gaza shi ne wajen lokaci, domin doki yana jin linzami nan take, matakin babban banki kuwa yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya bayyana a farashi, kuma wannan sai dai mai rubutu ya riƙa faɗa da bakinsa.

Ga yadda za ta zauna a cikin labari, ku gwada ta a kunne: “Babban bankin Amurka ya ja linzamin kuɗi sau 11 tsakanin Maris 2022 da Yuli 2023, domin hauhawar farashi ta yi ƙamari har ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yunin 2022.”