Matata tana so a sa wa ɗanmu John, suna saura kwana uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Manchester, matata Baturiya ce, ta musulunta tun kafin aurenmu. Allah ya sauke ta lafiya, mun samu namiji. Tun tana da ciki take roƙona in yi wa mahaifinta takwara, ya rasu bara, sunansa John. Da na faɗa wa Hajiyarmu a waya sai ta yi shiru, can ta ce "Allah ya raya", ta ajiye. Kun dai san irin wannan shirun. Ina mafita?

Wani malami daga Zariya: Allah ya raya mana. Ɗan'uwa, abin bai kai haka ba. John asalinsa Yohanan ne a Ibrananci, ma'anarsa "Ubangiji ya yi alheri". Girkawa suka mayar da shi Ioannes, ya bi ta Latin ya faɗa bakin Turawa. Wanda ya sa sunan ya shahara kuwa shi ne ɗan Annabi Zakariyya, wanda mu muke kira Annabi Yahaya. Duba Suratu Maryam aya ta 7, Allah da kansa ya raɗa masa suna. Ka sa Yahaya, ka ga an yi wa surukinka takwara, Hajiya ma ta saki ranta.

Wata 'yar'uwa daga Jos: Mu Kirista Hausawa Yohanna muke cewa, haka yake a Littafi Mai Tsarki, kuma sunan yayana ke nan. Sunan nan ya yi yawo ba kaɗan ba: Jean a Faransa, Juan a Sifaniya, Ivan a Rasha, Sean a Ayalan. Johnson ma ai "ɗan John" ne. Kowace ƙasa ta lanƙwasa shi daidai harshenta, don me ku ba za ku yi ba?

Wani daga London: Ni dai na ga kun manta da maijego. Mu muna alkunya, mace ba ta kama sunan mahaifinta, sai ta ce Abba ko Baba. Su kuwa jin sunan a baki shi ne girmamawar. Ka ce mata Yahaya shi ne John, ta yarda, amma kunnenta ba zai ji babanta a ciki ba. A takardar haihuwa ta Ingila ana iya sa suna na tsakiya, ka rubuta Yahaya John. Ka shirya jin ana ce masa Jack a makaranta, don laƙabin masu suna John ne, ko Shugaba John Kennedy na Amurka haka 'yan gidansu ke kiransa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na karanta mata ayar da fassararta, har ta yi hawaye. Mun tsaya a kan Yahaya John. Na kira Hajiya, tana jin Yahaya ta ce a sayo rago babba. Na tsakiyan kam ban kai ga faɗa mata ba tukuna.