Grammy ta 2011: Esperanza Spalding ko Justin Bieber?

Ɗan Kurna: Jama'a, har gobe ina kan bakana. Kyautar Grammy (babbar lambar yabon mawaƙa a Amurka) ta gwarzon sabon mawaƙi ta 2011 haƙƙin Justin Bieber ce, aka ɗauka aka miƙa wa Esperanza Spalding. Wa ya san ta a lokacin? Ga mawaƙi Drake ma a cikin jerin 'yan takara, amma aka tsallake su duka.

Maman Khalifa: Ƙanena, ba ƙidayar masoya ake yi a wannan kyauta ba. Mawaƙa da makaɗa da masu haɗa sauti ne ke jefa ƙuri'a, kuma su sun san ta sarai. Yarinyar da aka haifa a Portland ta jihar Oregon a 1984, tun tana ƙarama ta koya wa kanta gogen Turawa, ta yi karatu a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, tana da shekara 20 kwalejin ta ɗauke ta koyarwa. Shekara 20 fa!

Ɗan Kurna: Anti, wannan takarda ce. Ni waƙa nake magana.

Malam Mai Gurmi: To bari in yi maka maganar waƙar, tunda ina taɓa tsirkiya. Abin da take kaɗawa shi ne bas na tsaye, babban gogen nan da ya kai tsawon mutum. Wuyansa sumul yake, babu alamar da ke nuna inda za ka danna, kunne da yatsa ne kawai. A jaz kuwa, wato salon kiɗan da take yi, mai bas shi ne ginshiƙi, in ya kauce kowa ya ɓata. Ita tana riƙe da wannan nauyi da hannu, muryarta kuma tana bin wata hanya daban a sama, wani lokaci da Turanci, wani lokaci da Sifaniyanci ko harshen Fotugal. Na gwada raba hannu da baki haka a gurmi, wata uku ban iya amshi ɗaya ba. Mu da muka taso da kuntigin Ɗan Maraya Jos mun san darajar mutum ɗaya ya kaɗa ya rera.

Ɗan Kurna: Na ji, Malam, gwana ce. Amma sabuwa ce? Faifanta na farko ya fito a 2006, na biyu a 2008, na uku a 2010. Mai faifai uku ina sabunta?

Maman Khalifa: A nan ka kama ni, ba zan yi gardama ba. Sai dai abin da suke dubawa shi ne shekarar da mutum ya fito idon duniya, ba ranar da ya fara shiga sutudiyo ba.

'Yar Damagaram: Ko hakan ma akwai magana, Anti. A Disambar 2009 Obama ne ya zaɓe ta ta yi wasa a Oslo lokacin da aka ba shi kyautar Nobel. Wanda ya tsaya a wannan dandali ai ya riga ya fito. Duk da haka ina bayanta. Ita ce 'yar jaz ta farko da ta ci wannan kyauta. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda wasu masoyan Bieber suka shiga shafinta na Wikipedia suka cika shi da cin mutunci. Me ta yi musu?

Ɗan Kurna: Wannan ban goyi baya ba, rashin tarbiyya ne.

Malam Mai Gurmi: Ku dubi abin da ta yi bayan nan. A 2017 ta tsara faifai ta naɗe shi cikin awa 77, ana kallonta kai tsaye a Facebook. A shekarar ce jami'ar Harvard ta ba ta kujerar farfesa.

Ɗan Kurna: Bieber ma bai ɓace ba, Malam, ya ci nasa Grammy daga baya. Turo min wasanta guda ɗaya da ka fi so, zan saurara da daren nan. Amma maganar faifai uku tana nan.