Na samu bak, rubutun teyatur nike so, ina zan dosa?

Ɗan Ader (Tawa)

Salamu alaikum ƴan uwa. Bana na samu bak A4 alhamdulillahi. Tun ina CEG nike rubuta ƴan wasannin kwaikwayo ma kulob ɗin lakwal, ni ka rubutawa kuma ni ka raba ma yara rol, har mun taɓa yin wasa gidan samari na Albarka Cibau, mutane sunka yi ta dariya amma wurin da yarinyar ta ƙi auren sai wuri ya yi tsit, na ga wata tsohuwa tana share hawaye da gyalenta. Tun rannan abin bai fita raina ba. To baba shina so in yi drwa ko in yi konkur in shiga aikin gwamnati, ya ce abin da sunanshi ma wasa ne ba ya zama sana'a. Don Allah waɗanda ke ciki ku gaya min gaskiya, ana ci da wanga aiki a Nijar? Ina ake koyo? Teyatur ya fi ko fim? Kuma wani mushenmu ya ce har mize, wato gidan adana kayan tarihi, na bukatar irinmu, wannan kam ban gane ba.

Tsohon ɗan turup (Yamai)

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki. Ni na daɗe cikin harkar kuma ba zan ɓoye maka ba, kuɗin ƙofa ba su riƙe gida. Ka yi wata biyu kuna repetisiyo, ka biya sal, ka biya sono, ka biya taksin ƴan wasa, ranar wasa rabin waɗanda sunka cika wurin da gayyata sunka shigo. Abin da ke ciyar da turup a ƙasar nan shi ne wasannin faɗakarwa da porje-porje ke bayarwa, rigakafi, auren wuri, sa ɗiya mata lakwal, sai wasan rediyo, sai koyar da yara a makarantun pirive. Wata guda ka samu da kyau wata ukku shiru. Akwai wani porje da munka yi ma zagayen ƙauyuka har yau sauran kuɗinmu ba su fito ba, kuma laifin namu shi ne ba mu sa hannu kan takarda ba, don haka duk wanda ya kira ka aiki ka ce a rubuta, ko da aboki ne.

Amma ka gaya ma baba cikin ladabi, Yazi Dogo malamin makaranta ne kafin duk ƙasa ta san shi a Tele Sahel, kuma iyayenmu da ke cewa wasa ne su ne ba su tashi gaban tele in turup ɗinshi na wasa. Zamanin Kunce da ake festibal ɗin matasa kowace jiha da turup ɗinta take zuwa gasa, daga nan mutane da yawa sunka fito. Marigayi Alfred Dogbe shi ma koyarwa ya yi kafin ya kafa Arène Théâtre da festibal Émergences, ya rasu 2012. Kusan kowa da ƙafa biyu ya tsaya, guda aiki guda fage.

Abu guda da nike so ka bambanta tun yanzu, rubutu daban, ɗora wasa kan fage daban. Marubuci shi kaɗai ne da kaye da bik. Mai tsara wasa kuwa da mutane yake fama, wane bai zo ba, wance mijinta ya hana, wane ya hardace amma muryarshi ba ta kai layi na ukku, kuma kai ne za ka san inda kowa zai tsaya, yaushe zai juya baya, yaushe za a yi shiru. Wannan shirun da ka ji a Albarka Cibau shi ne aikin, kuma ba a koyon shi a kaye. Ka nemi turup ka zauna ƙarƙashin wani ko da ɗaukar benci ne shekara guda. In ka rubuta abu ka ba mutane su karanta da ƙarfi kana saurare, duk maganar da ta maƙale a bakin ɗan wasa ka soke ta. Kuma ka rubuta da Hausarku ta Ader yadda ake yin ta a kasuwa, kar ka yi tunani da Faransanci ka juya, masu kallo na ganewa nan take. In ya kammala ka kai BNDA, ofishin kare haƙƙin masu ƙirƙira, ka yi rajista kafin ka tura ma kowa ta WhatsApp.

Ƴar Boukoki

Yaya na yarda da kai amma ban da wurin porje. Ni montaj nike yi, wato harhaɗa hotunan fim, kuma na ga yara masu basira da sunka shekara biyar suna rubuta "ku wanke hannu da sabuli" har sun manta yadda ake gina labari, kowane wasa likita ya fito a ƙarshe ya yi wa'azi a tafa. A yi don a ci abinci, to, amma ka riƙe wani kaye naka wanda babu mai biya ya gaya maka yadda zai ƙare.

Ƙanena kai da ke Tawa ma kake tambaya? Moustapha Alassane nan garinku ya zauna shekaru yana aikinshi, mutumen da ya yi fim na zane mai motsi tun shekarun 1960 da kayan da ya harhaɗa da hannunshi, ya rasu 2015. Sani Magori ɗan Galmi ne, aikin gona ya karanta, fim ɗin da ya fito da shi a 2008 kan albasar garinsu ne da yadda aure ke jiran kuɗinta. Aisha Macky kuwa Damagaram ta ɗauka a fim ɗinta, garinsu. Oumarou Ganda da ake kiran cibiyar al'adu ta CCOG nan Yamai da sunanshi shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, gasar fina-finan Afirka, a Wagadugu, 1972. Labarin gida sunka bayar.

Karatu akwai, makarantar aikin jarida ta IFTIC nan Yamai, wadda anka sake ma suna ESSCOM, ta daɗe tana koyar da kamara da sauti da montaj, kuma fak ɗin adabi ta jami'ar Abdu Mumuni za ta buɗe maka kai kan rubutu. Amma kar ka jira. Ɗauki salula ka yi fim na minti biyar, ƴan wasa biyu, gida guda. Ka kula da sauti fiye da hoto, mutane na haƙuri da hoto mai duhu amma in iska da kukan kabu-kabu sunka rufe magana sun wuce. Kuma sanariyo, wato rubutun labarin fim, ba kamar teyatur ba ne, abin da ido zai gani kake rubutawa, in fuska ta faɗi abu to a cire maganar. Wasu na wucewa Kano su koyi aiki wurin ƴan fim ɗin Hausa, can za ka koyi sauri da kasuwa.

Mai rakiyar baƙi

Bari in amsa ta mize tunda kullum ina kai ƴan lakwal. Mushenku ya yi gaskiya. Mize Bubu Hama ta Yamai tun 1959 take, mutane da yawa kura da zaki da dorina ke kawo su, amma shiga rumfunan ka lura. Icen Tenere da mota ta kaɓe a 1973, in ba a ba ka labarinshi ba busasshen ice kawai za ka gani, in an ce maka shi kaɗai ne tsaye cikin hamada ayarin raƙuma na gane hanya da shi sai ka ga yaro ya yi shiru yana kallo. Haka ƙasusuwan dinozor da anka tono Gadufawa ta Agadas, haka kayan sawa na Abzinawa da Fulani da Zabarmawa. Wani ne ya zauna ya tsara mi za a fara gani in an shigo, ina fitila za ta haska, mi za a rubuta a ɗan allo, ta ina za a fita. Kamar ɗora wasa ne sai dai ƴan wasan ba su motsi, masu kallo ka tafiya. Mai son wannan tarihi ko sosiyoloji yake fara yi, akwai kuma makarantar adana kayan tarihi ta EPA a Porto-Novo, Benin. Guraben aikin kaɗan ne gaskiya, galibi na gwamnati. Abin da ke damuna yawancin bayanan da Faransanci suke, kakata ta zo ta ga irin tukunyar uwarta ba ta iya karanta abin da anka ce kanta ba.

Malama Inna

Ɗana kar ka yi gardama da babanka. Ka yi rajistar fak ɗin, hankalinshi ya kwanta, da marece ka tafi repetisiyo. Ranar da za ku yi wasa ka aika kawunka ya ɗauko shi ya zaunar da shi gaba.

Ɗan Ader (Tawa)

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Wallahi ban san Moustapha Alassane nan ya zauna ba sai yau, na tambayi baba ya ce ya sha ganin shi, har ya zauna yana ba ni labarin sinimar da suke zuwa suna samari. Mun tsaya kan zan yi adabi a Yamai, drwa ɗin ya bari. Yaya tsohon ɗan turup, in na iso watan Oktoba ina iya kawo maka kayena ka duba? Wasan yarinyar nan ne, shafi 14, ƙarshen ne ban gamsu da shi ba don nima malamin lakwal na sa ya fito ya yi wa'azi.

Tsohon ɗan turup (Yamai)

Kawo. Ranar Asabar da la'asar muke haɗuwa. Ka yi fotokopi huɗu don yara su karanta kana ji, kuma kar ka taɓa ƙarshen sai mun ji shi a bakinsu.