Allurar wata uku ce ta cinye mini gaban goshi, ko kitso?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina karɓar allurar tazarar haihuwa ta wata uku, yanzu gaban goshina ya koma kamar an bi shi da aska. Ni dai allurar nake zargi, kuma an ce gashin da ta cinye ba ya dawowa.

Anti Nas: Amin wa alaikumus salam. Ban musa ba, zubewar gashi tana cikin illolin da aka rubuta a takardar Depo-Provera, wato ita allurar wata ukun. Sai dai zubewar da magani ke kawowa ko'ina take taɓawa a kai, ki ga mataji ya cika, kuma yawanci in an daina, gashin yana dawowa cikin watanni. Naki da ya zaɓi goshi da saman kunne kaɗai, wane kitso kike yi?

Maman Biyu: Shuku, ƙanana. Da biki kuma in sa ƙari.

Mai Kitso: To, an zo kanmu ke nan! Ku ne fa kuke cewa "ja shi sosai ya yi wata guda." In na sassauta, a ce ban iya ba.

Anti Nas: Ba faɗa ba ne, 'yar uwa. Amma kitson da aka tashi daga gare shi da ciwon kai, ga ƙananan ƙuraje a bakin goshi, har sai an sha Panadol kafin a yi barci, saiwar gashi yake ja. Da farko takan farfaɗo. In aka shekara da shekaru ana haka, wurin ya zama tabo, ya yi sumul yana ƙyalli, to ko man kaɗanya ko chebe ba su tsirar da komai a nan. Haka ma ƙunar man rilaksa.

Hajiya Babba: Anti Nas, kada ki wanke magani tas. Ƙanwata ta yi jinyar sankarar mama, an ce mata gashi zai dawo, yau shekara huɗu tsakiyar kanta fili ne.

Anti Nas: Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya, kin yi gaskiya. Akasarin masu wannan jinya gashinsu yana fara tsirowa cikin wata 3 zuwa 6 da gamawa, amma docetaxel, ɗaya daga cikin magungunan sankarar, an san yana barin wasu da sanƙo na dindindin. Kuma akwai wanda ba ruwansa da magani ko kitso: na gado, wanda ke buɗe tsagar tsakiyar kai, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Amarya: Ni kuma wata uku da haihuwa, gashi kamar ana tsefe buhu.

Anti Nas: Naki na jego ne, kafin yaron ya shekara yawanci ya daidaita. In ya wuce haka a duba miki ƙarancin jini da maƙoƙo.

Maman Biyu: Ni fa har yanzu zuciyata na kan allurar nan. In daina ne?

Anti Nas: Kada ki daina da ka, ki koma inda ake yi miki ki faɗa musu. Kitson dai ki tsefe yau, ki nemi likitan fata ya duba ko ƙofofin gashin suna nan.

Mai Kitso: In kin tsefe ki zo in yi miki kalaba manya guda huɗu, ba ja.