Neman shawara: wuƙar tangaran irin ta sojoji, in saya don ajiya ko in haƙura?

Abban Sadik, Tarauni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wuƙaƙe. An kawo mini tallar wata wuƙa mai naɗewa, ruwanta baƙi ne na tangaran, ba ƙarfe ba, ƙotar ma baƙa ce mara nauyi, an kuma rubuta Böker a jikinta. Mai ita ya ce irin ta sojoji ce, ba ta taɓa dakushewa, kuma kullum daraja take ƙarawa. Ya sa mata naira dubu 180, ba kwali ba takarda, wai a kayan gwanjo ta zo. Ina da 'yan wuƙaƙe da nake tarawa, yawancinsu na kasuwar Kurmi. Abu biyu nake son sani: za ta yi aikin ƙarfi, har da fiɗa ranar layya? In kuma ajiye ta na yi, kuɗina zai dawo?

Injiniya Bashir, Hotoro:
Wa alaikumus salam, Abban Sadik. Bari a fara da abin da aka yi ruwan wuƙar da shi, don amsarka ta farko tana can. Tangaran ɗin ba irin na kofin shayi ba ne. Garin wani ma'adini ne da ake kira zakoniya, ake haɗa shi da ɗan sinadarin itiriya kaɗan, a matse a mazubi, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,400 zuwa 1,500, sannan a fitar masa da kaifi da dutsen daimon. A ma'aunin tauri na Mohs yana wajen 8.5, ƙarfen wuƙa kuwa wajen 6 yake, daimon 10. Shi ya sa kaifinsa ke jimawa sosai in abu mai laushi ake yankawa: tsokar nama, igiya, kwali, roba, kayan miya. Ba ya tsatsa, maganaɗisu ba ya kama shi, ba ya ɗaukar lantarki, kuma ya fi ƙarfe rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

To amma tauri daban, juriya daban. Ƙarfe in ya sha wuya lanƙwashewa yake yi, kaifin ya kwanta, ka tayar da shi da dutse a minti biyu. Tangaran ba ya lanƙwasa ko kaɗan, in an fi ƙarfinsa sai ya ɓalgace ko ya karye. Abu huɗu ke kashe shi: murɗa wuƙar tana cikin abin da ake yankawa, ɓamɓare abu da tsininta, sara a kan ƙashi ko daskararren nama, da faɗuwa a kan tayil ko siminti. Yawanci tsinin ne ke fara tafiya. Maganar ba ta dakushewa kuwa zaƙin bakin dillali ne. Tana dakushewa, sai dai ta wata hanya dabam: ƙananan giɓi ne ke taruwa a bakin, waɗanda ido bai cika gani ba, har ranar da za ka ga ta fara yaga takarda maimakon yanka ta.

Malam Sabo na Kwata:
Alhaji, layya dai cire ta daga lissafi. Wajen fiɗa dole wuƙa ta goga ƙashi a haƙarƙari da gaɓoɓi, dole a murɗa ta wajen raba gwiwa da cire kai. Ga ƙasa da yashi a jikin fatar rago, su kansu suna cin kaifi. Mafi muni, in bakin ya ɓalgace ɓarɓashin cikin nama zai shige, ba kuma maganaɗisun da zai zaƙulo maka shi. Yankan ma kada ka yi da ita, domin wuƙa mai naɗewa gajera ce, kuma in ta yi giɓi a tsakiyar aiki ba ka da halin wasa ta nan take, sai ka wahalar da dabba. Wuƙar maƙera ta baƙin ƙarfe da mawashi a gefe ta fi maka sau goma.

Alhaji Nasiru, Gwammaja:
Ni ɓangaren daraja zan taɓa, don nan kuɗinka yake.

Kalmar nan "ta sojoji" a yi hattara da ita. Asalin inda tangaran ya samu shiga wannan fage shi ne wajen masu kwance nakiya da masu aiki a ruwan teku, saboda suna buƙatar abin yanka da maganaɗisu ba ya ji, gishiri kuma ba ya ci. Ko a can ɗin ma wuƙar taitaniyom, wani ƙarfe mara nauyi da maganaɗisu ba ya kamawa, ta yi gogayya da shi, don ita ba ta karyewa haka. Sauran abin da ake sayarwa da wannan suna, baƙin launi ne da siffa kawai.

Masu tarawa hawa uku suke kallo. Na ƙasa su ne na kicin da ake bugawa dubu-dubu. Kamfanin Kyocera na Japan tun 1984 yake yin su, suna da kyau a aiki, amma ba wanda zai biya ka riba a kansu. Na tsakiya su ne na kamfanoni masu suna irin Böker na garin Solingen a Jamus, wanda lallai ya fitar da masu naɗewa na tangaran, ciki har da Anti-Grav mai ƙotar zaren kabon. Irin waɗannan in an daina buga samfurin suna iya riƙe farashinsu, amma ba su cika ninkawa ba. Na sama su ne aikin hannu na maƙerin da aka sani, waɗanda aka yi kaɗan, kamar Mirage X ta kamfanin Mad Dog, aikin Kevin McClung a Amurka. Su ake nema ruwa a jallo, kuma su aka fi yi wa jabu.

Taka, in ma ta gaskiya ce, a hawa na tsakiya take, kuma rashin kwali da takarda ya riga ya rage mata kuɗi. Sannan akwai abin da ya bambanta tangaran da ƙarfe a wajen ajiya. Tsohuwar wuƙar ƙarfe ko takobin Buzaye in sun sha hannu, wani ma ƙara son su yake yi, tsufan ado ne. Tangaran ba ya da wannan gata: ko dai sumul yake kamar ranar da ya fito, ko kuma ya zama kayan aiki. Giɓi ɗaya a baki ko tsinin da aka sake fitarwa ya isa ya sauke shi.

Sai kuma ka tambayi kanka, wa zai saya a hannunka? A Kano masu neman irin wannan ba su da yawa, manyan masu sayen suna Turai da Amurka, kuma ba kowane kamfanin aika kaya ke karɓar wuƙa ba. Daraja ba tare da mai saye ba, labari ne.

Injiniya Bashir, Hotoro:
Kafin ka ba da ko sisi, ka ce ya bar maka ita na awa ɗaya da rana tsaka, ka yi wannan binciken.

Ɗora maganaɗisu a tsakiyar ruwan, nesa da ƙota. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa baƙin fenti, magana ta ƙare. Kusa da ƙota zai iya ɗan ja saboda noti da makullin ciki, wannan ba komai. Sai ka ja farcen babban yatsanka a hankali a gefen kaifin daga gindi zuwa tsini. Duk inda ya yi tuntuɓe, giɓi ne. Ka tabbatar da gilashin masu gyaran waya mai ƙara girma sau 10. Ka yanka takardar jarida a tsaye, ka lura da inda take sarƙewa.

Wurin da mutane ke mantawa shi ne ramin da notin juyawa ya ratsa. A wuƙa mai naɗewa ta tangaran tsagewa ta fi farawa daga nan, ko daga inda gindin ruwan ke bugun sandar da ke tsayar da shi, musamman in mai ita ya saba wurga ta da ƙarfi wajen buɗewa, ko ya ɗaure notin fiye da kima. Haska fitilar waya ta gefe, ka nemi siririn layi kamar gashi. Buɗe ta, ka ɗan girgiza ruwan sama da ƙasa, hagu da dama. In yana motsi sama da ƙasa, makullin ya cinye, domin tangaran ya fi ƙarfen makullin tauri, shi ke goge shi a hankali. Kada ka gwada ta da bugun bayanta a kan teburi yadda ake yi wa ta ƙarfe, a nan take za ka iya jawo wa kanka biyan kuɗin wuƙar mutane.

Batun sunan kuma, nemi lambar samfurin, ka gwada tsawo da nauyi da yawan notuna da abin da kamfanin ya wallafa. Na jabu rubutunsu kan yi kauri ko ya karkace, kan notunan kuma yakan yi laushi.

Abban Sadik, Tarauni:
Allah Ya saka da alheri. Na gwada yau. Maganaɗisu bai kama ba, ba na ganin tsagewa, amma farce ya tsaya a wuri biyu kusa da tsini, ƙanana ne, ba su kai rabin milimita ba. Mai ita ya ce masu wasa wuƙa da inji za su gyara a minti biyar. Haka ne?

Usman mai walda, Kofar Ruwa:
Yaya, don Allah kada ka kai ta inji. Dutsen injin nan yana rawa, yana kuma da kaushi, giɓi biyu za su koma ashirin. Dutsen wasa wuƙa na gida shi ma bai cika kama ta ba, sai dai ya bar mata zane.

Farantin daimon ake amfani da shi, da hannu. Lambar farantin tana ƙaruwa, kaushinsa yana raguwa: fara da mai lamba 600, kada ka sauka ƙasa da 400 don manyan ƙwayoyin su ke ɓalgata bakin. Shafa tawadar alƙalamin maka mai haske a gefen kaifin tunda ruwan baƙi ne, ta haka za ka ga inda farantin ke ci, domin tangaran ba ya fitar da ɗan gashin nan da ake ji a bayan kaifin ƙarfe in ya wasu. Zuba ruwa kaɗan, riƙe ta a karkace da kusurwar wajen digiri 20 kowane gefe, kada ka fi haka kwantar da ita. Nauyin hannu kaɗan, kamar kana shafa man shanu a burodi. Ja sau goma nan, sau goma can, kana dubawa da gilashi, har giɓin ya ɓace. Dole ka rage bakin gaba ɗaya daga gindi zuwa tsini, in ba haka ba zai yi rami. Daga nan 1,200, sai 3,000, ka ƙare da man daimon mai laushin gaske (maikiron 1) a kan katako mai santsi. Giɓin rabin milimita zai iya cin awa ɗaya ko fiye, kuma garin da ya fito a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura.

Malam Sabo na Kwata:
Usman, samfefa baƙa ta ruwa fa tana ɗan cinta.

Usman mai walda, Kofar Ruwa:
Tana ci, Baba, amma da ƙyar, tana kuma mutuwa da wuri. Ta isa goge kaifi, ba ta isa cire giɓi ba.

Barista Amina, Zoo Road:
Ƙarin bayani ɗaya, Abban Sadik. Ka san halin da ake ciki a gari kan faɗan daba da ƙwacen waya, jami'an tsaro ba sa wasa da wanda aka samu da wuƙa a aljihu, balle baƙa mai kama da ta faɗa. In ka saya, gida za ta zauna, ka kuma karɓi rasit. Masu cewa na'ura ba ta ganinta su ma kada ka saurare su: notuna da makullin ƙarfe ne, na'urar haska kaya ta filin jirgin Malam Aminu Kano kuma tana nuna ruwan sarai. Ba a shiga jirgi da ita a jakar hannu.

Alhaji Nasiru, Gwammaja:
To ai giɓin nan biyu sun raba gardama. In ka bar su, wuƙa ce mai aibu. In ka wasa, kaifin kamfani ya tafi, kuma mai tarawa na gane wannan da kallo ɗaya. Ko ta wace hanya, ba ta ajiya don riba ba ce. In sha'awa ce kawai, kana son a ce akwai ta tangaran a cikin tarinka, to duba farashin sabuwarta ko mafi kusa da ita a yau, ka taya ƙasa da rabinsa, ka kuma cire kuɗin farantan daimon da za ka saya. In ya sallama, ka naɗe ta a ƙyalle mai laushi ita kaɗai, kada ta haɗu da na ƙarfe a aljihun teburi. Ruwan ba ya son mai, ɗigo ɗaya a notin juyawa ya isa, sannan ka riƙa share ƙurar hunturu daga ciki da busasshen burushi kafin ka buɗe ta, don yashi a ramin notin shi ke lalata ta.